Mai ɗakina 'yar Yukren ce, izinin zamanta ya ƙare a Turkiyya, ina muka dosa?

Baban Yarinya:

Assalamu alaikum. Na jima ina leƙowa nan ina karanta na wasu ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ce ta kai bango. Ku yi haƙuri da tsawon zancen, in na gutsure ba za ku gane inda gizo ke saƙar ba.

A 2016 na tafi Kharkiv karatun likita. A can Allah ya haɗa ni da mai ɗakina, 'yar garin ce, tana aiki a wani kantin magani kusa da masaukinmu. Ta musulunta, aka ɗaura mana aure a masallaci a ƙarshen 2020, da shaidu da sadaki, komai yadda addini ya tanada. Abin da ba mu yi ba shi ne zuwa ofishin rajistar aure na gwamnati, wanda suke kira DRATS. Kullum sai mu ce bari a gama jarrabawa tukuna. A 2021 aka haifa mana 'ya mace. Wannan kam tare muka je muka sa hannu, sunana ne a gurbin uba a takardar haihuwarta.

Asubar 24 ga Fabrairu 2022 ƙarar fashewa ce ta tashe mu. Gidan surukuwata a Saltivka yake, unguwar da ta fi kowace shan wuta a garin. Kwana biyar muka yi a tashar metro a ƙarƙashin ƙasa, jaririya a ƙirji, kafin muka samu jirgin ƙasa zuwa Lviv, daga can muka gangara Chernivtsi muka tsallaka Romaniya ta Siret. A Bukarest na tafka kuskuren da har gobe nake cizon yatsa a kansa. Mahaifina yana kwance a asibiti a Zariya, posvidka ɗina, wato katin zamana na ɗalibi, saura 'yan watanni ya mutu, kowa kuma yana cewa yaƙin nan na makonni ne. Sai na hau jirgin da gwamnati ta aiko kwasar ɗalibai, muka sauka Abuja aka miƙa wa kowa dala 100. Ita kuma da mahaifiyarta da yarinyar suka wuce Alanya a Turkiyya, wurin ƙanwar surukuwar tawa da ke aure a can. A wannan makon ne Turai ta buɗe wa mutanen Yukren ƙofa, ni ban ma san ana yi ba. Da na sani ƙeya ce.

Sun samu ikamet, wato katin izinin zama na Turkiyya, na gajeren zama, suna sabuntawa kowace shekara. A watan Yunin bana, 2025, aka ƙi sabunta wa mai ɗakina da yarinyar, aka ce su bar ƙasar cikin kwana 10. Ba su fita ba. Ina za su je? Tagogin gidan Saltivka babu ko ɗaya, tsohuwar kuma ciwon suga gare ta, kullum sai an yi mata allura. Yau wata huɗu da rabi ke nan tana zaune babu takarda, ko kasuwa ba ta zuwa sai dole. Ni ina Kano ina ɗan aiki a wani asibiti mai zaman kansa, abin da nake turawa da ƙyar yake biyan haya. Sau ɗaya na samu bizar zuwa ganinsu, a 2023.

Ga abin da nake son sani. In ta fita yanzu me zai same ta a filin jirgi? Wannan wuce wa'adi zai bi ta har Turai ya hana ta kariyar da ake ba 'yan ƙasarsu? Wata ƙawarta na ta zuga ta wai su nemi Amurka ko Kanada, akwai ƙamshin gaskiya? Sannan ni kaina, in ta samu zama a Jamus ko Foland, zan iya bin ta a matsayin miji da auren masallaci kawai? Wanda ya san hanyar nan ya taimaka, Allah ya saka.

Hajiyar Laleli:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya kawo mafita. Shekara tara ina harkar kago a Istanbul, na ga irin wannan ya fi a ƙirga, 'yanmu da 'yan Rasha da 'yan Yukren duk layi ɗaya muke bi a ofishin baƙi.

Abu na farko, kada ta ƙara jan lokaci. A nan hukuncin wuce wa'adi matakala ce, ana duba wata 3, wata 6, shekara 1, a haka har ya kai a hana mutum shigowa shekara 5. Wanda ya kai kansa filin jirgi da ƙafarsa ya biya tara, nasa da sauƙi. Wanda aka ƙi wa ikamet aka ba shi kwanaki ya ƙi fita, kamar maman yarinyarka, ma'auninsa ya fi nauyi. Wanda kuma aka kama a titi, shi ne ya shiga uku, don cibiyar tsare waɗanda za a kora ake kai shi, kuma kwana 7 kacal gare shi ya ƙalubalanci takardar korar a kotu. Tun 2023 suka baza motocin nan da ke tsayawa a bakin tashoshi suna duba zanen yatsa. Farar fata ba ta cika jan ido kamar mu ba, gaskiya ce, amma kada ku dogara da wannan.

Ka ce wata huɗu da rabi. To kafin ta cika shida ta fita. Ta je filin jirgi da wuri sosai, akwai tagar da ake lissafa tarar kafin a buga fasfo, ta riƙe kuɗi a hannu, ta karɓi rasit ta adana shi kamar takardar gida. Wasu kan ce ba su da kuɗi a bar su su wuce. Ana barinsu, amma bashin yana nan, ko wa'adin hanin ya ƙare ba za su sake shigowa ba sai sun biya. Ita da ke da uwa da inna a Alanya ba za ta so ta rufe wannan ƙofar ba.

Abin da ya ba ni haushi, lokacin da aka ƙi mata tana da kwana 60 ta kai ƙara kotun gudanarwa, ya wuce. Saura izinin zama na jinƙai, shi kuma ba haƙƙi ba ne, ganin damar hukuma ne. Ta samu lauya na gaske mai rajista ya duba mata. Ban ce dillalin da zai ce ta kawo dala dubu ya fito mata da kati ba. Akwai wata yarinya da muke hulɗa da ita, haka aka yi mata adireshin ƙarya a unguwar da aka riga aka rufe wa baƙi rajista, kuɗin ya tafi, ga ƙarin laifi a kanta.

Tsohon Ɗan Sumy:

Likita, sannu. Ni ina cikin waɗanda suka maƙale a Sumy har 8 ga Maris 2022, muna narka ƙanƙara mu sha, kafin aka fitar da mu ta Poltava. Yanzu ina Jamus. Bari in faɗa maka yadda abin yake a nan, ba daɗin baki.

Maganarta daban, taka daban. Ka raba su a ranka tun yanzu.

Ita da yarinyar 'yan ƙasa ne, suna zaune a Yukren kafin 24 ga Fabrairu 2022, don haka suna cikin mutanen da kariyar wucin gadi ta Tarayyar Turai ta ambata. An kunna ta ranar 4 ga Maris 2022, ana ta ƙara mata wa'adi, a 2025 aka kai ta 4 ga Maris 2027. A 2025 mutum wajen miliyan 4.3 ke ƙarƙashinta, Jamus ke da kaso mafi tsoka, kimanin miliyan 1.2, sai Foland da kusan miliyan 1. A nan sashe na 24 ake ce mata, kowa ya san shi da haka. Da shi za ta yi aiki, ta ga likita, yarinya ta shiga makaranta, ba sai ta nemi mafaka ba.

Sai dai 2022 ta wuce. A lokacin fasfo mai shuɗin bango kawai za ka nuna a tashar jirgin Berlin a ba ka gado da miya. Tun 2024 ofisoshin baƙi na nan suka fara tambayar ina mutum ya zauna bayan ya bar Yukren. In sun ga ya riga ya samu izinin zama a wata ƙasa ya zauna shekaru, sai su ce ai wannan ba yaƙi ne ya koro shi yanzu ba, canjin sheƙa yake yi. Na san wata mata da ta zo daga Turkiyya aka ƙi ta a kan haka. Abin da zai iya taimakon matarka shi ne takardar da aka ƙi mata ikamet. Kada ta yar. Ita ce shaidar cewa ba ta da wurin zama a can. A fassara ta wurin mai fassara da kotu ta yarda da shi. Kuma kowace ƙasa da yadda take ɗaukar wannan batu, kada ta sayi tikiti sai ta tambayi masu ba 'yan gudun hijira shawara a ƙasar da ta nufa, kyauta suke yi.

Kai kuwa, gaskiya ɗaci gare ta. Dokar iyali ta Yukren ba ta ɗaukar auren masallaci ko na coci a matsayin aure sai an yi rajista, don haka a takarda kai ba mijinta ba ne. Ƙa'idar Turai ta bar ɗan wuri ga waɗanda suka daɗe suna zaman tare tun kafin yaƙi, a nan takardar haihuwar yarinya da yarjejeniyar hayar gida mai sunayenku za su yi magana. Amma ka koma gida lafiya ka yi fiye da shekara uku. Tambayar da za su yi maka ke nan, wace kariya kake buƙata a Kano? In kuma kun yi rajista yanzu, sabon aure ne a wurinsu, sai dai ka bi layin haɗa iyali ta ofishin jakadanci, kuma takardun Najeriya sai sun sa an bi su ɗaya bayan ɗaya an tantance, watanni ake yi.

Ni da ba ni da mata 'yar ƙasa, takardar jiran gani ta wata shida aka ba ni. Na kashe kaina a kan Jamusanci har na kai matakin iya yare na B2, na shiga Ausbildung, wato koyon sana'a, na jinya, shekara uku ana koya maka ana biyanka. Da yawa cikin abokanmu da suka tsaya jiran sashe na 24 yanzu ba su da komai. Kai da ka kai ajin ƙarshe a likitanci, ƙofarka tana hannunka. Fara koyon yaren gobe.

Alhaji Na Fagge:

Yaro, ni ban san sashe kaza ba, amma tun ɗazu ina karantawa ban ji wanda ya faɗi abin da ke gaban hanci ba. Matarka ce, 'yarka ce. Me ya hana ka kawo su gida? Kuna ta lissafin ƙasar da za ta karɓe ta alhali kana da ƙasa.

'Yarka 'yar Najeriya ce ta jini ko a ina aka haife ta, tsarin mulki ne ya ce. Matar ɗan Najeriya kuma sashe na 26 ya ba ta damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, kafin nan akwai katin zama da hukumar shige da fice ke ba matan aure. Mun ga Turawa da Larabawa da suka tsufa a Kano da jikokinsu. Auren Musulunci a nan aure ne cikakke, ka je kotun shari'a a tabbatar maka da shi a rubuce. In ka zaɓi na rajista irin na Bature, ka san me ka sa wa hannu, mace ɗaya ce ba ƙari. Abu ɗaya, kada ta shigo da bizar ziyara ku shantake, mu ma yanzu an sa tarar dala 15 a kowace rana ga baƙon da ya wuce wa'adi. Kada a gudu daga tara a faɗa tara.

Yarinya ta kai shekara huɗu, tun rabuwarku sau ɗaya ta ga ubanta. Wannan ya fi damuna a kan duk wani kati.

Ƙanwarku a Holan:

Baba Alhaji ya yi gaskiya ta wani ɓangare, amma zaɓin na matar ne ita ma, ga tsohuwa mara lafiya a hannunta. Yaya, ni shari'a nake karantawa a nan, ban zama lauya ba tukuna, ga 'yan gyare-gyare.

Hanin shiga da Turkiyya za ta sa mata na Turkiyya ne. Turkiyya ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, ba ta rubutu a rumbun bayanansu. Amma tamburan suna cikin fasfo, kowa zai gani. Akwai masu ba da shawarar wai ta koma Yukren ta yi sati biyu, ta sake fitowa kamar yau ta gudo, ta ɓoye zaman Turkiyya. Komawar ba laifi ba ce, ko da yake ba jirgin sama tun da aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai ta Moldoba ko Foland a mota ko jirgin ƙasa. Ɓoyewar ce matsala. Bayanin ƙarya a takardar neman zama na iya sa a ƙwace izinin ko bayan an bayar.

In fasfonta mai ɗauke da zanen yatsa ne, tun Yunin 2017 tana da damar shiga Shengen ba biza, kwana 90 cikin kowane 180. A cikin kwanakin nan za ta yi rajistar kariya, kada ta sauka gidan ƙawa ta ce sai ta huta. Daga 12 ga Oktoba 2025 an fara ɗaukar hoto da zanen yatsa a iyakoki ana adanawa a kwamfuta, na'ura ce ke ƙirga kwanakin, zamanin da tambari ke dushewa a yi ta gardama yana ƙarewa. Ka kuma duba fasfon yarinyar. Na yara 'yan ƙasa da 16 shekara 4 yake yi, ba 10 ba kamar na manya.

Ƙawar nan tata labarinta ya tsufa. Kanada ta daina karɓar sababbin masu neman shirinta na gaggawa tun Yulin 2023. Amurka ta dakatar da nata a Janairun 2025, kuma can in mutum ya wuce wa'adi da fiye da kwana 180 ya fita, shekara 3 ba zai koma ba, in ya kai shekara guda, 10 ne. Birtaniya ta rufe hanyar dangi a Fabrairun 2024, saura ta mai masaukin baƙi, sai wani ya tsaya mata.

Kan maganarka kai, mu a nan mun ga ƙarshenta. Holan da farko ta haɗa har ɗalibai baƙi a cikin kariyar, daga baya ta janye. Aka je har kotun Tarayyar Turai da ke Luksambog, ranar 19 ga Disamba 2024 ta ce ƙasar da ta ba irinku kariya don raɗin kanta tana iya janyewa kafin ta sauran ta ƙare. Abin dariya abin kuka, kotun tana laƙa wa shari'o'i sunan aro don ɓoye masu ƙara, sunan da ya faɗo wa wannan shi ne Kaduna.

Kuma ko ita ta samu, sunan abin yana tare da shi, wucin gadi. Ba ya miƙa mutum kai tsaye zuwa zaman dindindin. Masu wayo cikinsu tuni suke komawa izinin aiki ko na koyon sana'a kafin 2027. Tunda ta san aikin kantin magani, ta tafi da takardun karatunta na asali.

Baban Yarinya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya mun kai ƙarfe ɗaya na dare a waya ina karanta mata amsoshinku ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanwata, kin taɓo inda ban duba ba. A Janairun 2022 muka yi wa yarinyar fasfo da niyyar in na gama karatu in kawo ta ta ga dangi, ashe saura wata biyu ya mutu. Da safen nan ta shiga neman layi a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Antalya. Takardar ƙin ikamet tana nan, ta ce har ta kusa yagawa don haushi. Yarjejeniyar hayarmu ta Kharkiv kuwa hotonta kawai ya rage a tsohuwar wayata, ita ma gilashinta a fashe, zan kai kasuwar waya ta Farm Centre a ciro min.

Baba Alhaji, maganarka ta shige ni, kuma na faɗa mata yadda ka faɗa. Ita ba ta ƙi ba. Surukuwata ce ta ce ba ta zuwa inda za a ɗauke wuta allurarta ta lalace a firji, mai ɗakina kuma ba za ta bar uwarta ba, ni ma ba zan ce ta bari ba. Ikamet ɗin tsohuwar bai ƙare ba sai bazara, don haka muna tunanin ita da yarinyar su fara fita kafin ƙarshen Disamba, in sun samu wuri tsohuwa ta biyo. In Turai ta ƙi su, Kano ce, ko da sola zan haɗa. Na kuma biya kuɗin ajin Jamusanci na yamma, ranar Litinin zan fara.

Yarinyar yanzu Turkanci ya fi kama bakinta. A Turkanci uba baba ne kamar namu, a yaren uwarta kuma baba kaka ce, don haka in ta ce baba a bidiyo ni da surukuwata duka muke amsawa.

Hajiya, tambaya ɗaya ta rage. Tarar nan har da yarinya ake lissafawa ko ta uwar ce kaɗai? Ina so in san nawa zan nema kafin ƙarshen wata.